Kyautar Cikin Waya: Nasiha ga Ƙannena

Ƙannena maza da mata, na Jama'a da Samaru da Hayin Dogo, har zuwa Palladan da Kwangila da cikin Sabon Gari a nan Zariya, magana ce nake tafe da ita a kan wata sabuwar kyauta da ta fara yawo a wayoyinku. Ba a ƙunshe ta a leda, ba a aiken yaro da ita, ba a ba da tukuici in ta iso. Ɗan hoto ne mai motsi, zobe ko fure ko kwaɗo, ga lamba a jikinsa, an ce babu irinsa sak a duniya, an kuma ce kuɗi ne, in ka ga dama ka sayar. Wani an aiko masa ranar zagayowar haihuwarsa, wata ta samu daga mai neman aurenta, wani kuma yana nan yana tara kuɗi ya saya wa abokinsa da ya gama jami'a. Abin yana nan da gaske, ana saye ana sayarwa, ba zan ce muku ƙarya ne ba. Damuwata guda ce. A wurinmu kyauta sauke wa mutum nauyi take yi. Wannan kuwa, in ba a yi hattara ba, ɗora masa take yi, shi kuma ya yi ta zuba godiya bai san abin da ya ɗauka ba.

Kun fi ni sanin ta inda abin ya shigo mana. Manhajar haƙar kuɗin kirifto ta Pi ce ta fara tun 2019, a latsa waya sau ɗaya a yini, ana jiran ranar da za ta fashe. Sai Notcoin ta ɓullo ta cikin Telegram a farkon 2024, ranar 16 ga Mayu aka sa ta a kasuwa, 'yan mainin suka ga alat na gaske. Daga ranar, wanda jiya yake yi musu dariya shi ne ya koma roƙon a tura masa linki. Hamster Kombat ta biyo baya, masu ita suka yi iƙirarin mutum miliyan 300 ke buga ta a duniya. Duk wanda ya yi daminar 2024 a garin nan ya gani da idonsa. Ka leƙa rumfar mai caji a kasuwar Samaru da la'asar: janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar lambarta manne a baya, ga samari sun kasa jiran waya ta cika, sun tsaya a bakin rumfa igiyar caji na jikinta, yatsu huɗu na sauka a kan gilashi ba hutawa. Ba mai ce wa wani uffan, sai in ɗaya ya ɗago ya tambayi kombon yau. Ranar 26 ga Satumba aka yi rabo, da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Ita kuwa Pi, da aka buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta hau har kusan dala 3, cikin 'yan watanni ta sauko ƙasa da dala 1, alhali an daɗe ana rantse wa mutane cewa kowace ɗaya dala 314,159 za ta yi.

Ni ban ga laifinku ba a kan neman mafita. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun yi wata 8 a gida a yajin aikin malamai na 2022, kuma duk Samaru ta ji a jikinta, daga mai shayi har mai gidan haya. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Matashin da yake kallon darajar kuɗinsa tana zubewa kullum, in ya nemi wata ma'ajiya, hankali ya yi. Abin da nake so shi ne ku san ma'ajiyar ciki da waje kafin ku sa wa wani kayansa a ciki.

Ga yadda kyautar take. A Oktoban 2024 Telegram ta fito da kyaututtukan da ake saye da taurarinta, wato kuɗin cikin manhajar, waɗanda su kansu da kuɗin gaske ake sayen su. Wanda aka aika wa yana iya kafa kyautar a shafinsa kowa ya gani, ko ya mayar da ita taurari. A Janairun 2025 aka ƙara wani mataki. Waɗansu kyaututtukan da aka ƙayyade adadinsu, in ka ƙara taurari za a ɗaga su su zama abin tarawa, kowace ta fito da kamanninta da launin bayanta da lambarta. Daga nan kana iya miƙa ta ga wani, ko ka fitar da ita zuwa bulokcen ɗin TON ka kai ta kasuwa. Irin wannan ne ake kira NFT. Kuɗi na gudana a ciki ƙwarai: a Yulin 2025 Pavel Durov, mai Telegram, ya sanar cewa kyaututtukan da aka yi da sunan mawaƙin Amurka Snoop Dogg, kusan miliyan 1, sun ƙare cikin minti 30, aka tara dala miliyan 12. Kada ku haɗa wannan da fure da zakin da ake jefa wa masu laif a TikTok. Wancan ba ya kan bulokcen, kamfani ne ke yanke kasonsa ya bar wa mai laif saura, ba a kuma sake sayar da zakin.

Shi bulokcen ɗin fa? Ku tuna littafin da iyayenmu mata ke buɗewa ranar biki. A zaunar da yarinya mai kyan rubutu a ƙuryar ɗaki da biro, duk wadda ta kawo gudummawa a rubuta: wance turmin atamfa, wance dubu biyar, wance kwalla. A adana littafin a ƙasan akwati sai ranar ramuwa. Bulokcen littafi ne irin wannan, sai dai ba a akwatin mutum ɗaya yake ba. Kwafinsa na cikin kwamfutoci masu yawa a ƙasashe daban-daban, ba a shigar da layi sai sun yi ittifaƙi a kansa, in ya shiga kuma ba ya goguwa. Bitcoin ya fara aiki da wannan dabara a 2009, Ethereum ta zo a 2015 ta buɗe hanyar rubuta wasu abubuwan ban da kuɗi. Dabara ce mai kyau, kuma duk wanda ya fahimce ta zai yaba wa waɗanda suka ƙirƙiro ta. Amma ku lura da abin da layin ke cewa: abu mai lamba kaza ya tashi daga walet kaza, wato asusun ajiyar kirifto, ya koma walet kaza. Iyakarsa ke nan. A littafin biki, bayan kowane layi akwai atamfar da za a ɗinka a ɗaura. A nan, bayan layin hoto ne wanda kowa zai iya kwafa ya ajiye a wayarsa. Littafin zai shaida cewa kai ne mai abin. Ba zai shaida cewa gobe wani zai so shi ba.

Farashin kuwa daga bakin mai saye na gaba yake fitowa, ba daga ko'ina ba. A Maris ɗin 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da aikin wani mai zane, Beeple, a kan dala miliyan 69, duniya ta ɗauka. A watan ne kuma wani ɗan kasuwa, Sina Estavi, ya sayi saƙon farko da Jack Dorsey ya taɓa wallafawa a Twitter a kan dala miliyan 2.9. Da shekara ta zagayo, a Afrilun 2022, ya fitar da shi kasuwa yana neman dala miliyan 48. Aka yi mako guda, tayin da ya fi kowane tsoka bai kai dala 300 ba. Layinsa na nan a littafin, ba wanda ya goge, ba wanda ya yi masa gardamar mallaka. Mai saye ne babu. Ku ƙara da wannan: buɗe walet ba ya buƙatar suna ko katin shaida, don haka mutum ɗaya na iya buɗe goma, ya riƙa sayar wa kansa abu ɗaya yana ƙara farashi, kai kuma ka leƙa ka ga kamar kasuwa na ci. Ana yin haka, kuma sabon shiga ba ya iya bambancewa.

To bari mu bi sawun kyauta guda daga hannu zuwa hannu. A ce ɗayanku yana aiki a Abuja, ƙanwarsa na Hayin Dogo za ta koma makaranta. Ya so ya burge ta, ya sa naira 40,000 ya sayi ɗaya daga cikin kyaututtukan nan ya aika mata, ya ce ta riƙe, za ta tashi. Ta buɗe waya ta ga abu na ƙyalƙyali yana juyawa, ta yi murna, ta nuna wa ƙawaye. Bayan mako biyu aka nemi kuɗin rajista da na takardu. Yanzu sai ta buɗe walet, in ba ta da shi. Sai ta koyi yadda ake sa abin a kasuwa, ta sa farashi, ta zauna jiran mai saye, wanda zai iya zuwa yau, zai iya kai wata bai zo ba. In tana sauri, dole ta karya farashi. Aka saya, kasuwar ta cire nata. Abin da ya shigo hannunta kuɗin kirifto na TON ne, shi ma farashinsa na motsi kowace sa'a, sai ta tura shi wata manhajar canji, ta biya kuɗin turawa, ta mayar da shi dalar intanet da ake kira USDT. Daga nan ta nemi ɗan P2P, mutumin da ba ta taɓa gani ba, ya tura mata naira a asusun banki, ita kuma ta sakar masa nata, tana addu'ar kada alat ɗin ya zama na bogi. Sannan ta taka zuwa wurin mai POS, shi ma ya cire nasa. A kowace gaɓa akwai inda harafi ɗaya na adireshi zai kuskure, kuɗin ya tafi inda ba ya dawowa, domin a bulokcen babu manajan da za a kai wa kuka. Da yayan nan ya tura mata kuɗin kai tsaye, kafin ya mayar da waya aljihu ta riga ta biya buƙatarta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda waɗanda suka tsara abin ba su san shi ba don ba al'adarsu ba ce. Kunya. Mu ba ma sayar da kyauta a kan idon wanda ya ba mu. Ko rigar da aka ba ka ba ta yi maka ba, sai ka sa ta ko sau ɗaya ya gani. A nan kuwa komai a fili yake. Ranar da yarinyar nan ta sayar, abin zai ɓace daga shafinta, kuma duk mai son dubawa zai ga ranar da farashin da ta sallama. Ga ta tsakanin abu biyu: ta riƙe tana kallon farashi na sauka kullum, ko ta sayar yayanta ya ga kamar ta raina kyautarsa. In ta sayar abin ya tashi daga baya, ya ce ai na gaya miki. In ta riƙe ya faɗi, ta rasa bakin magana. Shi ya shiga ciniki, ya miƙa mata fargabar cinikin, ya kuma karɓi godiya. Na san ba da mugunta ya yi ba, ƙauna ce ta sa shi. Shi ya sa ma nake son ku gane tun yanzu.

In har ka ga lallai irin wannan kake son bayarwa, to ka ba wanda ya san harkar, wanda in ya rasa abin ba zai kwana da yunwa ba. Ka faɗa masa da bakinka cewa nasa ne, ya sayar duk ranar da ya so, ba za ka ji komai ba. Mahaifiyarka da ƙanwarka da abokin da ba shi da aiki kuwa, ka ba su abin da za su kai kasuwar Sabon Gari a karɓa.

Malamanmu na zaure a Zariya, da ke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid, sun koya mana cewa a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa. Wannan ƙa'idar ta zauna daram a kan maganarmu. A harkar walet, hannu shi ne kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da ake nuna maka ranar da ka buɗe. Duk wanda ya san su shi ne mai dukiyar, ko yana Bomo ko yana bangon duniya. Ka ɗauki wayar budurwarka ka buɗe mata walet, ka ga kalmomin, ka ɗauke su a hoto don kada ta manta, sannan ka tura mata kyauta a ciki: a fahimtata abin bai bar hannunka ba tukuna, tunda ranar da kuka ɓata kana iya kwashewa daga ɗakinka. Ke ma ƙanwata, duk wanda ya buɗe miki walet ya ga kalmominki, ki ɗauka kuna tarayya da shi a kan duk abin da ke ciki. Ki buɗe sabo da hannunki, ki rubuta kalmomin da biro a takarda, kada ki ajiye su a hoto, kada ki tura wa kanki a WhatsApp. Kyautar da ke zaune cikin Telegram kuma, wadda ba a fitar da ita zuwa walet ba, a asusunki take rataye, asusun kuma a layin wayarki. A wannan zamani na ƙwacen waya, wanda bai sa wa asusunsa kalmar sirri ta biyu ba ya bar ƙofa a buɗe.

Sai kyautar da ke zuwa daga wanda ba ka sani ba. A nan ne aka fi yi wa yaranmu yankan ƙauna. Saƙo zai shigo, wani lokaci ma daga asusun abokinka da aka riga aka sace, a ce an aiko maka kyauta, danna nan ka karɓa. Ka danna, shafi ya buɗe mai kama da na gaske, ya nemi lambar wayarka da lambar da za a turo maka. Kana ba da ita asusunka ya tafi, a ci gaba da yaudarar mutanenka da sunanka. Wani salon kuma, ka wayi gari ka ga wani NFT a walet ɗinka wanda ba ka saya ba, a jikinsa an rubuta ka ci kuɗi kaza, ga adireshin da za ka je. Ka je, a ce haɗa walet ɗinka ka amince. Amincewar nan da ka latsa izini ce ka bayar a kwashe abin da ke ciki. Wani kuma zai ce ka fara biyan ɗan kuɗin fito kafin a sakar maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kyautar gaskiya ba ta neman ka biya kafin ka karɓa, ba ta neman kalmominka, ba ta kuma ce maka saura minti goma ta ƙare.

Ƙannena mata, ku ba ni aron hankalinku a nan. Iyayenmu sun san dalilin da ya sa toshi ke bi ta hannun manya, ake nuna shi a gida. Abin da aka gani a fili yana da shaidu, yana da iyaka. Kyautar da ke shigowa waya da tsakar dare daga mutumin da ba a san gidansu ba, babu mai shaida sai ke da shi, kuma sau da yawa akwai abin da zai biyo bayanta: a turo hoto, a fito a haɗu, ko a ce ki sa kuɗinki a wata harka da zai koya miki. Ki nuna wa yayarki ko mahaifiyarki tun ranar farko. Ku kuma samari masu jera kyaututtuka masu tsada a shafinku don a san kun iso, ku tuna farashinsu ba ɓoyayye ba ne, kowa na iya lissafawa. A ƙasar da ake garkuwa da mutane don kuɗin fansa, ba kowa ke kallon shafinka don ya taya ka murna ba.

Za ku tambaye ni halal ne ko haram. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma malaman duniya ba bakinsu ɗaya ba. Babban muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018. Majalisar malaman Indonesiya ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a Nuwamban 2021. Majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Malesiya kuwa ta halatta cinikinsa a kasuwannin da ke da rajista tun 2020. Namu na gida ma sun rabu. Roƙona shi ne in za ku tambaya, ku kai tambayar cikakkiya. Kada ka ce wa malam kyauta ce kawai, don kowa ya san kyauta abin so ce a addini. Ka gaya masa cewa lokacin da kake biyan taurari a ɗaga kyautar, ba ka san wace kama za ta fito maka ba, na'ura ce ke zaɓa, wani ya dace da mai wuyar samu ya sayar da tsada, wani ya samu gama-gari. Ka gaya masa ko don ado ka saya ko don jiran tashin farashi. Ku ma 'yan'uwanmu da ke zuwa coci a Sabon Gari da Samaru, haka za ku kai wa fastocinku. Amsar da aka samu da rabin bayani ba ta wanke mutum.

Akwai inda abin ya yi amfani, kuma ina son masu zane a cikinku su ji. Garin nan ba baƙo ba ne a harkar zane. A nan ne a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suna ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda ta canza fuskar zanen Najeriya, kuma har gobe sashen zane na jami'ar yana yaye gwanaye. Matsalar mai zane kullum ita ce ina mai saye. Osinachi, ɗan Aba da ke zane da Microsoft Word, ta hanyar NFT aikinsa ya kai gwanjon Christie's a Landan a 2021. A 2022 wani ɗan bautar ƙasa a Ibadan, Adisa Olashile, ya ɗauki hoton wani tsoho makaɗi, ya sayar da hoton a matsayin NFT. Ku duba abin da ya yi bayan nan. Bai ce wa tsohon ya buɗe walet ba, bai ce masa ya riƙe zai tashi ba. Ya mayar da abin naira, ya koma ya nemo shi, ya ba shi rabin kuɗin. Wahalar kasuwa da haɗarinta shi ya ɗauka, tsoho ya karɓi abin da zai iya cefane da shi. A duk labaran kyautar bulokcen da na sani, wannan ne ya fi kwanta mini a rai. Osinachi da Adisa kuma sana'a suke da ita tun kafin NFT, kasuwa kawai ya buɗe musu. Mai ɗinkin hannu a cikin birni da ya iya aska takwas, ko ɗalibar da ta iya fenti, in sun koyi hanyar nan don su kai aikinsu inda ƙafa ba ta kai ba, ina goyon bayansu, muddin sun san cewa kasuwar ta yi sanyi ƙwarai tun bayan 2022.

Dokar ƙasa ma ku sa ta a lissafi. Ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, bai janye ba sai Disamban 2023. A Maris ɗin 2024 kasuwar kirifto ta Binance ta rufe duk harkarta ta naira bayan rikicinta da gwamnati. A Maris ɗin 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC, wata guda bayan haka manhajar zuba jari ta CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a Disamban 2016. Ƙofar da ake bi a mayar da token naira ta sha rufewa dare ɗaya. Kafin ka sa kuɗi a wata manhaja, ka duba ko hukumar ta san da ita.

Saura maganar da matashi ba ya son ji, wato gado. Kuɗin da ke banki, in mai shi ya rasu, magada za su bi ta kotu da takardu, komai daɗewa a fitar musu. Bulokcen ba ya karɓar takardar kotu. James Howells, wani mutumin Newport a Birtaniya, an zubar da faifan kwamfutarsa a bola a 2013 ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000. Ya shafe shekaru yana neman izinin tone bolar, a Janairun 2025 kotu ta kori ƙararsa. Shi yana raye ma ke nan, ya kuma san inda abin yake. Wanda ya rasu kalmominsa na cikin kansa kaɗai, abin da ke walet ɗin zai zauna a littafin kowa na gani, ba mai iya taɓawa, alhali haƙƙin mahaifiyarsa ne da matarsa da 'ya'yansa, wataƙila ma akwai bashi a kansa da ya kamata a biya daga ciki. In abin da ka tara ko aka ba ka ya kai a kira shi dukiya, ka rubuta kalmomin a takarda biyu, ka ajiye su wuri biyu da ruwan damina da gara ba za su kai ba. Ka sa a wasiyyarka cewa kana da walet kaza a manhaja kaza, ba tare da ka rubuta kalmomin a cikin wasiyyar ba. Sannan ka zaɓi mutum ɗaya a gidanku wanda ka amince da tsoron Allahnsa, ka gaya masa inda takardar take, ka zaunar da shi ka nuna masa yadda ake buɗewa da yadda ake mayarwa naira, ya gwada da ɗan ƙaramin kuɗi a gabanka har hannunsa ya faɗa.